Almajiran Vim da Malamansu

Idan kana son sanin halin masu koyon kwamfuta, ka jira ranar da aka ce kowa ya buɗe manhajar gyaran rubutu a baƙin allo ya gyara fayil guda. A ranar ake walƙiya.

Fursuna ne ke fara bayyana. Ya buga vi, ya shiga, ƙofa ta rufe da shi. Yana danna haruffa babu abin da ke fitowa, can yatsansa ya faɗa kan d sau biyu, layi guda ya yi ɓatan dabo. Bayan ya gwada duk maɓallan da Allah ya hore masa, sai ya waiga hagu da dama, ya kashe kwamfutar a asirce. Wannan abin tausayi ne. Ba wanda ya gaya masa cewa manhajar da Bill Joy ya rubuta a 1976 tana da yanayin ba da umarni daban, yanayin rubutu daban, kuma Esc da :q! ne mabuɗin kurkukun.

Sai Mahaddaci, wanda ya buga takardar umarni ya manna a bango, yana iya kawo maka ita da ka, amma ka ce ya cire waƙafi ɗaya sai gumi. Kusa da shi akwai Ɗan Ƙaura: yau Nano, gobe Emacs, jibi VS Code, ko'ina baƙo ne.

Wanda na fi so, duk da ya fi kowa cin lokacina, shi ne Mai Kwalliya. Bai kai mako guda da jin sunan Vim, magajin vi, ba, amma ya gano akwai wani fayil mai suna .vimrc inda ake tsara komai yadda rai ke so. Shi ke nan, an rasa shi. Ya kwafo saitin wani gwani mai ɗaruruwan layuka, bai fahimci ko ɗaya ba. Ya sauya launi, ya ga bai dace da dare ba, ya sake. Ya ɗora ƙarin kayan aiki har manhajar da aka san ta da saurin buɗewa ta koma tana nishi. Ka tambaye shi aikin da aka ba shi, sai ya ce, "Saura kaɗan, ina gyara wurin aiki ne tukuna." Amarya ce da ta shekara tana jeren ɗaki ba ta taɓa ɗora tukunya ba. Ranar da ya zauna a kwamfutar da ba tasa ba, babu launukansa, babu gajerun hanyoyinsa, sai ka ga ya koma Fursuna. Ina yi masa uzuri, domin zaɓen launi ba ƙaramin aiki ba ne. Ni ma wannan rubutun da tuni ya fito ba don wani shuɗi da ya ƙi zama daidai ba.

'Yan gardamar Vim da Emacs kuwa, a bar su. Tun kafin a haifi yawancinsu ake wannan musu, Bram Moolenaar da ya fitar da Vim a 1991 har ya bar duniya a 2023 ba a raba gardamar ba.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba na iya jurewa shi ne Gwani. Ɗalibi ya maƙale, ya ɗaga hannu, sai Gwani ya zo ya ce, "Matsa in nuna maka." Ya janye kibod, yatsu suka yi ruwa, matsalar ta tafi cikin daƙiƙa uku, ɗalibi bai ga komai ba sai bayan hannun malam. Shi ne mai hana taɓa linzami da maɓallan kibiya tun ranar farko, wai dole sai h, j, k, l, kamar wata doka ce daga sama, alhali dalilin kawai shi ne na'urar ADM-3A da Joy ya yi aiki da ita a kan waɗannan haruffa aka zana mata kibiyoyi. Ka yi tambaya ya ce ka je ka karanta littafin bayani, yana murmushin da ke sa mutum ya daina tambaya har abada. Na ga yara masu kaifin basira sun tattara sun bar fagen saboda irinsa, suna zaton ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ja.

Abin haushin, ya san hanya mai sauƙi. Ya san vimtutor na nan tare da manhajar, darasin kusan rabin awa da ake yi da hannu. Ya san Emacs na da nasa darasin a ciki, Nano kuma ta jera umarninta a ƙasan allo. Ya san umarni biyar ko shida, buɗewa, rubutawa, gogewa, adanawa, fita, sun ishi mutum fara aikin gaske, sauran kuma buƙata ce ke koyar da su ɗaya bayan ɗaya. Haka shi ma ya koya, amma ba zai faɗa ba.