Masu Karɓar Baƙuwar Kyanwa a Zongon Lome

A Zongon Lome ba kasafai ake sayen kyanwa ba. Ko dai a tsinto ta a wani lungun kasuwar Assigamé, a ɗauko ta cikin kwali a kan zemijan, wato babur ɗin haya, ko maƙwabci ya ba ka 'yar da tasa ta haifa. Daga ranar da ta shigo ake gane halin mutanen gida.

Akwai Alhaji mai atamfa. Shi ma'aikaciya ya ɗauka, don ɓeraye sun addabi sitonsa. Ba ya ba ta abinci, wai yunwa ce za ta sa ta farauta. Ita kuwa ta shige bayan dila ta laɓe. Kwana biyu sai ka ji yana mita: "Kyanwar Lami aka kawo mini, ba cizo ba yaƙushi!"

Akwai Hajiya mai shagwaɓa. Madara da safe, da rana tuwo da miya mai albasa da barkono. Ba ta san madarar shanu kan sa kyanwa gudawa ba, albasa kuma tana lalata mata jini. Ciki na ɓaci sai ta ɗauko farasitamol, wanda guba ne ga kyanwa. Sai an riƙe hannunta ana cewa, "Hajiya, don Allah a kai ta wurin likitan dabbobi."

Akwai Malam. Zai ba ka tarihin Abu Huraira da matar da ta shiga wuta saboda tsare kyanwa, har ka yi ƙwalla. Amma bari ta kwanta a kan buzunsa, ka ga yadda ake laluben takalmi.

Akwai Inna, wadda ta ga tashin tsohon Zongo a 1977, don haka babu baƙon da take yarda da shi. In kyanwar baƙa ce, magana ta ƙare: "Ku dubi idonta da dare, wannan ba ita kaɗai ba ce."

Sai yara, masu janyo ta daga ƙarƙashin gado ta wutsiya, su goya ta da ɗankwali, sannan su zo suna kukan yaƙushi.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a jin bakinsa. Ya ware mata ɗaki ɗaya, ya ajiye ruwa, ɗan kifi marar yaji da tsohuwar roba cike da yashi, ya rufe taga. Ba ya kiranta, ba ya bin ta. Bayan 'yan kwanaki ita da kanta take fitowa ta goga masa kai a ƙafa, sannan ya kai ta allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Wurinsa Alhaji ke zuwa daga baya, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce: "Ko za ka ara mini ita kwana uku?"