Bazazzagi, Ina Rufin Rumfarka?

Bazazzagi, bawan Kanawa, an auna arziki. Labari ya iso mana Kano cewa hadarin farkon damina ya yaye rumfar da ka kafa a bayan gida, sai a gonar maƙwabci aka tsinto kwanon, awakinka na tsaye suna shan ruwan sama. Sannu. Amma garin da ke taƙama da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, a ce iyakar dabararka ka ɗora tsohuwar taya da bulo biyu a kan kwano?

Matso in koya maka kyauta, duk da kun ce Bakano ko gaisuwa sai ya lissafa ribarta.

Iska ta ƙasa take shiga ta cira rufi sama, kamar lema a hannun yaro. Hadarin ƙasar nan kuwa daga gabas yake tasowa, shi ya sa maginan dā suka fi ba bangon gabas kulawa wajen yaɓe. Kai kuma ka wangale bakin rumfarka gabas, wai don awaki su sha hantsi. To, ga hantsi nan sun samu, har da taurari.

Ginshiƙan nan da ka soka a ƙasa da tsawon taƙi ɗaya, tumɓuke su. Haƙa rami ya kai ƙafa biyu, ka shafe gindin katakon da baƙin mai saboda gara, ka zuba kankare, ka bari ya kama. Katakon rufi kuma ka naɗe shi da langalanga a jikin ginshiƙi, domin kusa ita kaɗai zarewa take yi. Shi kwanon, kusa mai hula za ka buga masa, a kan tudunsa, kada ka huda kwarin da ruwa ke bi. Ka yawaita ta a baki-baki da kusurwoyi, nan iska ke fara ɓamɓarowa. Na san a wurin nan rowarka za ta motsa, ka fara ƙirga kusa ɗai-ɗai kana yi wa kafinta dogon Turanci. Ka daure.

Bulon nan kuwa sauko da shi tun bai faɗo a kan ɗan mutane ba, mu shiga zaryar ba da haƙuri a madadin bawanmu. Reshen darbejiyar da ya leƙo kan rumfar ma a sassabe shi.

In kayan aikin sun gagara a Sabon Garin Zariya, hawo mota ka zo Ƙofar Ruwa, zan sa a yi maka ragi. Ka taho da kuɗin sharata na bara, har yau ba ka biya ba.