Mun Sallami Slay, To Wa Zai Tsare Mana Gefe?

A unguwarmu ta kudu maso yammacin Filadelfiya, wajajen titin Woodland inda mutanen Afirka ta Yamma suka yi kaka-gida, babu watan da muke ɓarnar miyau irin Agusta. Ba a fara gasa ba, ba mu ci kowa ba, kowa bai ci mu ba, amma in ka faɗo shagon aski bayan La'asar sai ka rantse jiya aka lallasa Eagles. Kuma ba a kan mai jifa ake ta da jijiyar wuya ba, balle mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley. A kan masu tsaron gefe ne, su ma ba na ɗaya ba. Na uku ne, da na huɗu, da na biyar, yaran da in ka yi kiciɓis da su a kanti ba za ka waiwaya ba.

Wanda bai saba da zari-rugar Amurka ba zai ce mene ne abin hayaniya. To ga aikin. Mai jifa ya karɓi ƙwallo, masu cafewa su sheƙa gaba, shi kuma mai tsaron gefe an haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, duk inda ya nufa ya bi shi. Da baya-da-baya yake fara gudu. Bai san inda mutumin zai karya kwana ba, wancan kuwa ya sani tun kafin a tashi. Da sun wuce yadi 5 ba shi da ikon bangazarsa. In ya rigayi ƙwallo taɓa shi, alƙali ya cilla ƙyallen rawaya, a ɗauki ƙwallo a kai ta daidai wurin da aka yi laifin, ko da yadi 40 ne. Duk dokar wasan ta karkata ga mai kai hari, shi ya sa ko gwanin gwanaye sai an ci shi wata rana.

Sai kuma lissafin kujeru. Ƙungiya tana shiga sansanin atisaye da mutum 90, ƙarshen Agusta a rage su zuwa 53. Cikin 53 ɗin nan masu tsaron gefe ba sa wuce biyar ko shida, wasu kuma a ajiye su cikin 'yan atisaye 16 da ake riƙewa a gefe. A da mutum biyu ke tsayawa a fili, dama da hagu. Yanzu da ƙungiyoyi ke zuba masu cafewa uku kusan kullum, na ukun ma ɗan farko ne, shi ke tsare ciki. Wasa 17 ake bugawa kafin a shiga sili-ɗaya-ƙwale. Jijiyar cinya ɗaya ta motsa, na huɗu ya tashi daga benci. Ka ga kenan ba banza muke surutu ba, ko da yake wani lokacin banzar muke yi.

Rigimar kakar 2025 ta samo asali ne tun watan Maris na shekarar, wata guda kacal bayan mun ɗauko kofi, da aka sallami mai tsaron gefenmu Darius Slay. Ya zo mana daga Detroit a 2020, ya yi kaka biyar a nan, shekarunsa 34, ya tattara ya koma Pittsburgh. Isaiah Rodgers, wanda muke ta cewa shi zai gaje shi, ya tafi Minnesota. Avonte Maddox ya nufi Detroit. Kafin ka ce kwabo benci ya yashe.

Baba Alhaji mai shagon kayan abinci, wanda ya riga yawancinmu shigowa garin nan, har yau bai huce ba.

"Mutum ya ci muku kofi, ku ce masa ga hanya? Wannan ai butulci ne. Mu ba haka aka rene mu ba."

Ɗan ƙanensa, haifaffen nan, wanda Hausarsa ke ɗan ɗingishi amma lissafinsa ba ya ɗingishi, ya ce, "Baba, ba butulci ba ne, kuɗi ne. Akwai iyakar abin da aka yarda ƙungiya ta kashe a albashi. A kakar 2025 dala miliyan 279 ne da 'yan kai. A ciki za a biya Hurts, a biya Brown, a biya Barkley. In aka riƙe tsoho, da me za a riƙe yaran in lokacinsu ya yi?"

"Kai yaro, tafi can. Tsohon da ya cafe ƙwallon Green Bay a watan Janairu shi ne tsoho?"

Nan shagon ya rabu biyu, kuma kullum haka yake rabuwa: masu furfura suna bayan wanda suka sani, matasa suna bayan Howie Roseman, janar manajan da yau za mu kira shi gwani gobe mu ce a kore shi. Dukkanmu "mun sallama", "mun sayo", "mun yi asara" muke cewa, alhali babu wanda aka taɓa neman shawararsa, kuma rabinmu ba su taɓa leƙa cikin filin Lincoln Financial ba saboda tsadar tikiti.

Ni dai ina ɓangaren yaron, kuma ba don lissafinsa kaɗai ba. Tarihin ƙungiyar nan da sayen manyan sunaye a gefe ba mai daɗin ji ba ne. Wanda ya kai 2011 a garin nan ya san zancen Nnamdi Asomugha. Iyayensa 'yan Najeriya ne, shi kuma a lokacin ana sa shi cikin biyu ko ukun da suka fi kowa iya tsaron gefe a duk gasar. Aka ɗauko shi daga Oakland kan dala miliyan 60 na shekara biyar. 'Yan Najeriyarmu har da masu ɗinka wa kansu alfahari, riga mai lamba 24 ta cika unguwa, ko mutanen Nijar da na Zangon Gana sun ara sun yafa. Aka ƙare kakar da ci 8 faɗuwa 8, ta biye mata ci 4 faɗuwa 12, a Maris na 2013 aka raba gari. Ba duka laifinsa ba ne. A Oakland manne wa mutum ɗaya yake yi tun daga layi, nan kuwa aka riƙa sa shi tsaron yanki, a ƙarƙashin Juan Castillo, kocin da aka ɗauko daga horar da 'yan layin kai hari aka ɗora shi a kan tsaro. Amma mu ba mu duba wannan ba lokacin da muke murna, suna muka gani da kuɗi. A 2015 aka sake: Byron Maxwell daga Seattle, dala miliyan 63 na shekara shida, kaka ɗaya ya yi aka tura shi Miami.

Wa ya fitar da mu kunya kuma? Patrick Robinson, wanda aka ɗauko da araha kan shekara ɗaya a 2017, har ana tunanin ba zai tsallake ragin ƙarshen sansani ba. Shi ne ya cafe ƙwallon Minnesota a wasan kusa da na ƙarshe, ya ratsa yadi 50 ya kai ta gida, wasan ya juya daga nan. Malam direban tasi kan tuna mana, don ya ɓata wa kowa hujja, cewa a wasan ƙarshen ma mai jifan abokan hamayya Tom Brady ya jefa mana yadi 505 amma muka ci 41 da 33. "To ina amfanin masu tsaron naku?" Ba a amsa masa, don ba a son a ba shi fili.

Wanda ya fi ba ni tausayi a duk hirarrakinmu James Bradberry ne. Kakar 2022 ya yi ta ba tare da an ji kansa ba, har aka sa shi cikin zaɓaɓɓun gasar. Ran wasan ƙarshe da Chiefs na Kansas City, a Fabrairun 2023, saura ƙasa da minti biyu, ya ja rigar JuJu Smith-Schuster. Ƙyalle ya faɗo, Chiefs suka cinye agogo suka buga, 38 da 35. Mutumin ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa ya ja rigar. Mu kuwa muka kasu: masu zagin alƙali, da masu zagin Bradberry, da Baba Alhaji da ya haɗa su duka. Kaka mai biyowa ƙafarsa ta yi nauyi, muka fara da ci 10 faɗuwa 1, muka ƙare Tampa Bay ta yi mana 32 da 9. Tun daga nan in aka ambaci sunansa, jan rigar nan kawai ake tunawa. Kakar da ya yi lafiya lau ta bi ruwa.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne, kyamara ce. Talabijin ƙwallo yake bi. Da an tashi wasa, mai tsaron gefe da mutuminsa sun fice daga allo, ba ka sake ganinsu sai in an jefa ƙwallo wajensu. Ranar da ya yi aiki da kyau, mai jifa ya duba ya ga ba ƙofa ya juya wani wuri, kai da ke kan kujera ba ka ga komai ba. Kamar mai gadi yake, ba a tuna da shi sai daren da aka yi sata. Saboda haka duk hukuncin da muke yankewa a shago, a kan jifa huɗu ko biyar muke yanke shi cikin tashi sittin da wani abu. Ni ma haka nake yi, kuma ba ni da niyyar dainawa.

Dubi Quinyon Mitchell. Aka zaɓo shi na 22 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2024 daga jami'ar Toledo, karon farko da Eagles ta ɗauki mai tsaron gefe a zagayen farko tun Lito Sheppard a 2002. Ya buga kakarsa ta farko bai cafe ƙwallon abokan hamayya ko ɗaya ba sai da aka shiga sili-ɗaya-ƙwale. Wani maƙwabcina ya yi ta mita wai yaron hannunsa na man shanu ne. Alhali manyan masu cafewa yake shigewa gaba su wuni ba labari, kuma a kakar nan babu ƙungiyar da aka jefa wa yadi kaɗan kamar tamu. Cooper DeJean kuwa, wanda aka yi musayar kujera da Washington aka ɗauko na 40 daga Iowa, ƙwallo ɗaya ta ishe shi shiga zuciyar unguwa. Ran 9 ga Fabrairu, 2025, a wasan ƙarshe da Kansas City a New Orleans, ranar da ya cika shekara 22, ya tare jifan Patrick Mahomes ya ruga yadi 38. Hajiya mai tuwo, wadda ba ta san dokar wasan ba sai dai ta san rigarmu kore ce, ta rangaɗa guɗa har yaran bene na sama suka sauko. An tashi 40 da 22. Yanzu in ka tambaye ta wa ya fi iyawa, "ɗan yaron nan mai ranar haihuwa" za ta ce maka.

To shi DeJean ɗin ne ma ya jawo sabuwar gardama. Ciki yake tsarewa. Da Slay ya tafi, wasu suka ce a mayar da shi waje gaba da Mitchell a huta. Wasu suka ce in ka cire shi daga ciki ka toshe rami ɗaya ka haƙa wani, domin na ciki ba bin mutum kaɗai yake yi ba, har masu gudu da ƙwallo yake tarewa, kuma samun mai wannan ƙarfin ba sauƙi. A nan ina tare da na biyun. Vic Fangio, kocin tsaronmu, dattijo ne da ba ya ɓoye abin da ke ransa, in yaro bai burge shi ba sai ka ji a bakinsa, kuma ya bar kujerar a buɗe duk tsawon sansani: Kelee Ringo, dogon yaron Georgia da aka zaɓo a zagaye na huɗu a 2023, da Adoree' Jackson da ya zo daga Giants. Ana cikin haka, a Agustan 2025, Roseman ya ba Las Vegas ɗan layin tsaro Thomas Booker ya karɓo Jakorian Bennett.

Ranar da labarin ya fito, direban tasin nan ya shigo da wayarsa a hannu, rediyon WIP na ta ɓaɓatu a ciki.

"Kun ji ko? In da sun yarda da Ringo, da ba su je kasuwa ba."

"Allah gafarta Malam, jiya fa kai ka ce Ringo ne magajin Slay."

"Jiya daban, yau daban. Ni na ga atisayen ne? Abin da suka yi shi ya gaya mini."

Gaskiyarsa a nan. Hannun manaja ya fi bakin koci faɗin gaskiya. Koci zai ce duk yaransa suna ƙoƙari, amma in ka ga an ba da mutum an karɓo mai tsaron gefe ana saura wata ɗaya a fara, to a can ciki ma hankali bai kwanta ba. Sai dai shi Malam ɗin bai taɓa ganin Bennett ya buga ko minti ɗaya ba, kuma kafin Magariba ya riga ya naɗa shi.

Ran 4 ga Satumban 2025 Cowboys suka zo buɗe gasa, Jackson ne ya fito gaba da Mitchell. Mai jifansu Dak Prescott bai ɓata lokaci ba, ya gano inda ƙasa ke da taushi ya yi ta aika CeeDee Lamb can. Lamb ya haura yadi 100, da bai zubar da wasu ƙwallayen da suka faɗo masa a hannu ba da labari ya sha bamban. Mun ci 24 da 20. Washegari babu mai zancen cin. Baba Alhaji yana auna wa wata mata shinkafa yana cewa a kira Pittsburgh a ba su haƙuri. Ɗan ƙanensa ya ce a ba Bennett wasa uku a gani. Direban tasi ya koma kan Ringo, wai dama can shi bai taɓa cire rai da yaron ba. Wani kuma ya ce a jira farkon Nuwamba, kafin a rufe kasuwar musaya Roseman zai sake fita, ba ya iya zama. Hajiya ta leƙo ta tambaya da wa za mu buga mako mai zuwa, aka ce mata Kansas City, a gidansu. Ta ce to a sa mata ɗan yaron nan, ko ciki ko waje, ita ba ruwanta.