Zakaran da Ya Hana Mu Ɗiban Ruwa a Kusugu

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙwai ya shiga sahun abubuwan da malamin makaranta ke gaisarwa daga nesa. Mai shayin bakin layinmu ya daina tambayata ko a soya mini, sai dai ya miƙo shayi da burodi ya kau da kai. Wani dare na ɗauki biro na buga lissafi a bayan tsohuwar takardar jarrabawa: kaji huɗu, kowace ƙwai ɗaya a rana, a wata ɗari da ashirin ke nan. Mu ci rabi, mu sayar da rabi. Kafin in kai ƙarshen shafin har na hango kaina a kan sabon babur.

Uwargida ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta ce, "To Malam, a ina za su zauna?"

Haya muke yi a unguwar Kusugu, ciki da falo, a gidan da iyali biyar ke raba tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Rabonmu 'yar baranda ce wadda in an shimfiɗa tabarma sai takalma su koma waje. Murhun gawayi na nan, igiyar shanya na nan, nan ɗin kuma na ce za a kafa gona.

Ran Lahadi na tafi kasuwar Mai'aduwa na zaɓo kajin Hausa huɗu, har da wata fingi. Ina shirin tafiya mai kajin ya ɗago wani jan zakara ta ƙafafu, ya ce gidan kaji ba ya yiwuwa ba maigida. Na tambaye shi ko yana da hayaniya. Ya ce, "Haba Malam! Wannan ko a ɗakin mai jego ka ajiye shi, jariri ba zai farka ba."

Daren farko zakara ya yi cara da ƙarfe ɗaya. Ashe shi a wurinsa duk haske asuba ne, kuma daidai lokacin aka kawo wuta, ƙwan barandarmu ya kama. Da farko maƙwabta sun yi gunaguni, daga baya suka gane amfaninsa: da ya buɗe baki sai ka ji ƙofofi na ƙara, kowa na laluben caja, matar telan ɗakin ƙarshe na jona dutsen guga. Har godiya aka yi mini.

Godiyar ba ta daɗe ba. Akurkin da kafinta ya haɗa mini ya yi wa zakara kaɗan, sai ya faɗaɗa mulkinsa zuwa gindin famfo, inda ƙasa ke da danshi da tsutsa. Duk wanda ya doso da bokiti sai ya baza fikafikai ya yi kansa. Ya kori yara, ya kori amaryar ɗakin tsakiya har ta bar takalmi, ya sa mai ruwa ya rantse ba zai sake shigo da kurarsa gidan ba.

Wanda ya tashi a Daura ya san inda wannan labari ya dosa. Daga ƙofar gidanmu tafiya kaɗan ce zuwa rijiyar Kusugu, wadda aka kewaye da gini, baƙi ke zuwa daga nesa su leƙa su sha ruwanta. Kamar yadda labari ya zo, a cikinta macijin nan mai suna Sarki ya zauna a zamanin Magajiya Daurama, ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka a garin cikin dare, ya je rijiyar ya sare masa kai. Yaran gidanmu ba su ɓata lokaci ba, suka raɗa wa zakarana Sarki. Namu ma ya fi na da tsanani, don ba ya ware ko Juma'ar. Sai uwargida ta watsa masa tsaba a bayan ɗaki, mata su yi wuf su tara bokitai kafin ya gama.

Batun ƙwai kuwa, biro bai san halin kazar Hausa ba. Ba irin ta gidan gona ba ce mai sauke ƙwai kusan kullum. Takan yi goma sha wani abu ta tsaya, ta kwanta a kai kwana 21, sannan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki. Fingi ma ba a akurki ta ga damar yi ba, sai a cikin daron wankin Gwaggo, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan. Da na je karɓa cikin ladabi, ta ce, "Ɗan nan, kaza taka ce, ban musa ba. Amma daro nawa ne, kuma ni ban gayyace ta ba." Aka yi sulhu a kan raba daidai, ita ke ƙirgawa.

'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe kuma shirwa ta sa su a lissafinta. Aka ce in shafa musu kala don ta kasa gane su. Na shafa musu shuɗi da ja, suka fito tsakar gida gwanin sha'awa, ita kuwa ta ci gaba da ɗauka, yau shuɗi gobe ja.

Da hunturu ya kama, cutar nan da ke share kajin unguwa ta shigo. Kaji suka takure, suna gyangyaɗi, wuya na murɗewa. Gwaggo ta ce a jiƙa musu barkono da gautan kaji. Tela ya ce ɓawon maɗaci. Wani ya ce murar tsuntsaye ce irin wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006, a kira hukuma. Malamin dabbobi ya duba ya ce ba ita ba ce, kuma akwai rigakafin da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke haɗawa, amma kafin ciwo ake ba da shi, kwalba ɗaya kuma ta garke guda ce. Ya tambayi yawan garkena. Na ce a lokacin da muka fara magana dai uku ne. Cikin mako kajin suka ƙare. Sarki ko atishawa bai yi ba. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Da Sallar Gani ta zo, gari ya cika da baƙi masu kallon hawa, surukina ya iso daga Baure. Baƙo irin wannan ba a tarbarsa da miyar kuka gaya. Uwargida ta dube ni, ta dubi gindin famfo. Ban taɓa ganin haɗin kai a gidan nan irin na ranar ba. Tela ya rufe ƙofar zaure, yara suka yi kawanya, amarya ta fito da zani, har Alhaji mai gida da ya zo karɓar kuɗin haya ya naɗe hannun babbar riga. Sarki ya haye igiyar shanya, ya kifar da tukunyar manja, ya ratsa ta tsakanin ƙafafun Alhaji, ya faɗa ɗakin Gwaggo. Aka ji shiru. Sai ga ta ta fito da daro a kife a kan faifai.

Da yamma kowa ya ce shi ya kama shi. Tela ya ce shi ya gajiyar da shi, Alhaji ya ce shi ya tare hanya. Gwaggo ba ta tanka ba, sai ta buɗe kwanonta ta nuna kan zakara, kamar yadda aka ce baƙon Daurama ya yi da masu da'awar kashe maciji suka yi yawa. Ba ta nemi rabin gari irin ladan kashe macijin ba, cinya ɗaya ta karɓa.

Surukina ya daɗe yana fama da naman, ya sa albarka, ya ce ashe yaron nan yana da hannun kiwo. Bayan mako guda sai ga ɗan aike daga Baure da kwando a bayan babur: zabi shida, kyautar Baba, da saƙon cewa zai zo ya ga yadda suka hayayyafa. Kyautar suruki ba ta sayuwa, ba ta yankuwa. Zabo kuwa ba ya jiran a kawo wuta, ba ya gajiya, kuma kwanon rufin Alhaji ya zaɓa wurin kwana.

Jiya Gwaggo ta tare ni a zaure, idanunta jajur saboda rashin barci, ta ce, "Ɗan nan, mun ɗauki alhakin Sarki. Shi aƙalla shi kaɗai ne."