Littafin Ƙyalle da Haɗarin Ɗinki a Kan Cinya

Littafin ƙyalle shi ne wanda ake yi wa shafuka da yadi maimakon takarda, domin yatsa ya karanta abin da ido yake gani: kaushin saƙi, wato tufar hannu irin ta masaƙan Minjibir, da santsin shadda, da taurin atamfar da ba ta taɓa shan ruwa ba. Malaman dā a ƙasar Hausa ba sa ɗinke littafi, sai dai su tara warƙoƙinsa tsakanin tadarishi, wato bango biyu masu tauri, su zura a gafaka, kuma hikimar hakan ba ta bayyana ga marubucin wannan bayani ba sai Asabar ɗin da ta wuce, a ƙofar gidansa a Gezawa.

Ya ɗora shafuka 8 na littafin ƙyalle a kan cinya, ya bi gindinsu da basilla, wato babbar allurar ɗinkin buhu, yana jin daɗin yadda ɗinkin yake kamawa, alhali abin da yake kamawa ya haɗa da gaban rigarsa da ƙafar wandonsa. Ana haka surukinsa ya yi sallama. Marubucin ya zabura zai miƙe, zaren ya tsayar da shi a rabin hanya, a wani matsayi da bai kai tsayuwa ba kuma ya wuce tsuguno, littafin yana reto a gwiwarsa, shafin raƙumi a buɗe. Dattijon, da ya ɗauka ladabi ne, ya ce, "Haba Malam, ya isa, tashi mana." Sau uku yana faɗa, sau uku ana amsa masa da "To, Baba," ba tare da bayan mai amsawar ya motsa ba.

A nan ne mai rake na bakin hanya ya ajiye wuƙarsa, wadda ita kaɗai ce maganin lamarin, ya matso ya shafa shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya yaba raƙumin, sannan ya bayyana cewa ɗinki a jiki tsiya yake jawowa, don haka tun farko bai kamata a fara ba. Ya ƙara da cewa, tunda aikin ya yi kyau, asara ce a farke shi, gara Malam ya riƙa zuwa firamare kowace safiya yara suna karanta shi.

Littafin yanzu shafi 9 ne, na taran yadin wando ne ruwan toka.