Ranar da Na Ramar da Kawu a Talabijin

Kawu yana da gidan burodi a Malali, yana kuma da tumbin da in ya tare Keke Napep sai an caje shi kuɗin mutum biyu. Da ya ji ina koyon katun da Blender, manhajar nan ta kyauta, sai ya kira ni. "Ɗana, ka zana ni rungume da burodi a sa a talabijin. Daƙiƙa talatin kawai."

Wai kawai! Malamina na YouTube Ba'amurke ne, shi ya ce hoto 30 a kowace daƙiƙa, wato hoto 900. Tsohuwar kwamfutata kuwa sai ta ci minti huɗu kafin ta dafa guda. Awa 60 ke nan in an bar wuta, kuma ba a bari ba. Kwana uku na yi a gindin janaretan gidan burodin, sauro na cin rabonsa, fulawa na shiga fankar kwamfuta.

Na kai aikin gidan talabijin ina taƙama. Injiniyan, wani dattijo mai tabarau, ya ɗora a na'urarsa. Murya ta ƙare, bakin Kawu bai daina motsi ba har daƙiƙa shida, kamar mai tauna ganda.

"Samari, tun 1962 ake talabijin a Kaduna," in ji shi. "Tsarin PAL muke bi, hoto 25 a daƙiƙa. Naka 900 ɗin nan daƙiƙa 36 ne a wurinmu. Wa zai biya shidan?"

Ya ƙara da wata magana kan faɗin hoto da barin fili a gefe, wai tsofaffin akwatuna suna cinye bakin allo. Na yi ta gyaɗa kai, hankalina na kan kuɗin fetur. Yawan hotunan kaɗai na gyara.

Daren da za a nuna, har maƙwabta suka cika falon Kawu, gaban akwatinsa mai ƙusumbi. Tallar ta fito. Faffaɗan hotona na 16:9 ya matse cikin allon 4:3, sai ga Kawu siriri kamar sillen kara, rungume da burodin da ya koma rake. Matarsa ta tafa hannu. "Alhaji, shekara nawa ina dafa maka zogale a banza, ashe maganin na hannun yaron nan!"

Lambar wayar da na liƙa can gefe kuwa, akwatin ya haɗiye ƙarshenta. Kwana uku Kawu na zaune da waya a cinya, ko filashin ba a yi masa ba. Ran na huɗu ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Ka koma ka gyara lambar nan," ya ce. Ya yi shiru, ya shafa tumbi. "Amma jikin, kada ka kuskura ka taɓa shi."