Fatawata a Kan Ƙwan Fitila

Tun da aka kafa mana mitar nan da ba ta ba da wuta sai ta ga kuɗi, larura ta mayar da ni malamin fitilu, har na riƙa tara maƙwabta bayan sallar isha'i ina bayyana musu, da hujja da dalili, cewa ƙwan nan mai zare, wanda Edison ya fito da irinsa a 1879, almubazzari ne na ƙin ƙarawa, domin kuwa kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ragowar ce haske. Mai wat 60 yakan ba da haske kamar lumen 800, alhali ƙwan LED mai wat 9 yana ba da daidai wannan, kyandir kuwa, miskini, da ƙyar yake kai 12. Nakan ƙara da cewa ba banza aka ba malaman nan uku 'yan asalin Japan lambar Nobel a 2014 saboda aikinsu a kan LED ba.

Da yake ilmi ba ya cika sai da aiki, wata ranar hunturu, Hajiya ta tafi biki, na ɗauki kujera na bi gida ɗaki ɗaki ina zartar da hukunci, har na isa akurkin da ta zuba 'yan tsakin da ta sayo, inda na tarar da babban mai laifi, ƙwai mai wat 100, yana reto kusa da ƙasa yana ƙona mini dukiya. Na tuɓe shi, na naɗa LED magajinsa, na haɗa tsohon da 'yan uwansa na jefa a bola.

Kafin kiran asalatu salatin Hajiya ya tashe ni. Akurki fes, ko allura ta faɗi ka gan ta, amma 'yan tsaki sun dunƙule a lungu, wani kan wani, suna makyarkyata.

"Malam, karatu aka ce maka suna yi? Ɗumi suke nema!"

Na soma kawo mata bayanin lumen, ta katse ni da cewa tsako a makonsa na fari yana bukatar zafi digiri 32 zuwa 35, kuma abin da nake kira asara shi ta sayi ƙwan dominsa. Kanti bai buɗe ba, gawayin kasko ya ƙi kamawa, saboda haka ta yanke cewa, tun da jikin ɗan Adam digiri 37 ne, ni zan riƙe muƙamin.

A haka Alhaji maƙwabcina, da bai gan ni a sahu ba, ya leƙo dubiya, ya iske ni zaune a tsakar gida, babbar rigata tana motsi tana tsiyau-tsiyau. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya tambaya cikin ladabi:

"Allah gafarta Malam, kai kuma wat nawa kake sha?"